Fitilar Iskar Taya: Mu Daina Liƙe Mata Salatif

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana masu tsofaffin motoci a kan wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ke kunne a gaban direbobi da yawa a garin nan, har ido ya saba da ita an daina ganinta. Siffarta kamar tukunya mai buɗaɗɗen baki, da alamar motsin rai a tsakiya. A wasu motocin kuma haruffa huɗu ne kawai, TPMS. Fitilar iskar taya ke nan. Shekara bakwai na yi ina tuƙi tana kunne, kuma saura ƙiris wannan sakaci ya ci ni da iyalina.

Motata Sienna ce ƙirar 2008, irin waɗanda ake saukewa a Legas daga Amurka. Na saye ta a 2017 da kuɗin sallama bayan na ajiye aikin koyarwa. Ranar da na je dubawa, ina tayar da ita fitilar ta yi ta ƙyaftawa kamar minti ɗaya, sannan ta tsaya a kunne. Na tambayi dillalin, ya ce, "Alhaji, wannan ba komai ba ce, duk motocin Amurka haka suke, sanyin ƙasarsu suka saba da shi." Daga baya wani mai wayarin ya ce idan ta dame ni zai buɗe dashbod ya liƙe ta da baƙin salatif daga ciki, aikin minti ashirin. Ban yarda ba, amma ba don na fahimci amfaninta ba, don dai ba na son a taɓa mini dashbod ne.

Kwana biyu bayan ƙaramar Sallah ta 2024 muka kama hanyar Zariya gaishe da yayata. Mu bakwai ne a motar, ga buhun shinkafa da jarkar mai da kayan yara a baya. Watan Afrilu ne, kowa ya san yadda kwalta take da rana tsaka a wannan lokaci. Mun wuce Kura, mun wuce Kwanar Dangora, ban ji komai a sitiyari ba. Allah ne ya sa jikata ta matsa a tsaya za ta kewaya. Da na sauka na zagaya ta baya, sai wani ƙauri ya bugi hancina, irin na roba idan ta ji wuta. Tayar baya ta hannun dama ta ɗan zauna, ba sosai ba, wanda bai lura ba zai wuce. Na kai hannu gefenta na janye da sauri saboda zafi. Muka sa safaya muka lallaɓa zuwa wurin mai faci. Da ya ɓare tayar daga rim, ya zuba hannu ciki ya ɗebo baƙin gari cike da tafinsa, kamar an daka gawayi. Ya ce, "Baba, wannan cikin tayar ne ya cinye kansa. Da kun ƙara tafiyar minti goma da ba haka zancen yake ba." Ƙusa ce 'yar ƙarama, ta shiga tun ban san yaushe ba, iskar tana zurara a hankali.

Na daɗe ina tunanin wannan baƙin gari. Mu dai abin da muka taso muna ji shi ne iska mai yawa ce ke fasa taya, shi ya sa za ka ga direba zai yi doguwar tafiya da bazara ya tsaya ya rage iska, wai kada zafi ya kumbura ta. To ƙarancin iskar ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Taya idan ba ta cika ba, gefenta lanƙwashewa yake yi ya miƙe a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti ɗaya. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya ka ji yadda take zafi kafin ta karye, haka gefen taya yake yi. Zafin nan shi ke raba roba da zaren ƙarfen da ke cikinta, rana ɗaya ana cikin gudu ta tarwatse. Kuma tayar baya ba ta faɗa wa sitiyari komai sai aikin gama ya gama. Ba mu manta da rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016 ba, bayan tayar motarsu ta fashe. Fashewar taya ba ta san babba ba, ba ta san babbar mota ba.

Bayan mun dawo na kira ɗan ƙanwata da ke aikin duba motoci da kwamfuta a Kaduna. Shi ya zaunar da ni ya warware mini zancen, ni kuma na bi na ƙara karantawa. Ashe fitilar nan tarihi gare ta, kuma tarihin jini ne. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, yawancinsu a kan motocin Ford Explorer, saboda haɗurran da daga baya aka danganta da mutuwar mutum fiye da 200 a Amurka. Abin da ya kamata mu lura da shi, matsalar ta fi tsanani a wurare masu zafi: jihohin kudancin Amurka, da Saudiyya, da Benezuwela. Kamfanonin biyu sun yi ta jayayya a kan ko awo 26 na iska ya isa ko sai 30. A ƙarshen shekarar ta 2000 majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira TREAD, kuma daga 1 ga Satumba 2007 ya zama tilas kowace sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a can ta zo da na'urar da za ta gargaɗi direba idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tarayyar Turai ta bi sahu, daga Nuwamba 2014 duk sabbin motocinta. Saboda haka maganar dillalin nan cewa abin na ƙasar sanyi ne, a juye take. Zafi ne ya haifi na'urar, kuma mu da ke tuƙi a kan kwaltar Kano da Sakkwato da Maiduguri mun fi mutumin Kanada buƙatarta.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. A cikin kowace taya, a gindin bawul ɗin da ake ba da iska, akwai wata 'yar sensa da ba ta wuce akwatin ashana ba. Tana auna iskar, ta aika wa ƙwaƙwalwar motar ta hanyar rediyo. A cikinta akwai ɗan batir da aka rufe ruf da roba, ba a yi shi don a canja ba, kuma ƙarfinsa shekara 5 zuwa 10 ne. To ka lissafa, Malam Edita. Motar 2008 ko 2010 da ta iso hannunmu tana da shekara tara ko goma a duniya, batiran sensocinta ko dai sun mutu a hanya ko suna gargara. Ba lalacewar mota ba ce, tsufa ne, kamar yadda batirin agogo ke ƙarewa. Fitilar ma tana bambance maka: idan ta kama kai tsaye ta tsaya, wata taya ce ba ta da iska. Idan kuwa ta yi ƙyaftawar nan ta minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ta tsaya, tana cewa ne na'urar kanta ba ta jin sensocinta. Abin da tawa ta yi ta faɗa mini ke nan kullum safiya tsawon shekara bakwai. Kuma muddin tana wannan hali, ko taya ta sace ba ta da wata hanyar sanar da kai, tunda dama a kunne take.

Da ɗan ƙanwar tawa ya zo Kano ya zagaya motar da 'yar na'urarsa ta hannu, yana kanga ta a gefen kowane bawul, babu tayar da ta amsa. Muka sa aka buɗe su duka. Biyu sensocin suna nan lafiya a ido amma batir ya mutu. Ɗaya an fasa ta, rabinta ne kawai ya rage a maƙale. Ta huɗun babu ita sam, wani mai faci a wani lokaci ya cire ta ya sa bawul na roba, bai faɗa mini ba, wataƙila shi ma bai san abin da ya jefar ba.

A nan nake son in ɗan tsaya, domin ba na son a ɗauka ina zagin masu faci ne. Mutane ne da ke tsaye a rana daga safe zuwa dare, kuma su ne ke ceton mu a daji idan taya ta yi faci. Sai dai sana'ar ta canja a hannunsu ba wanda ya sanar da su. Ubangidan da ya koya musu, a kan taya mai tiyub ya koya, inda ake taka gefen taya a dake ta da guduma a zura liba duk inda hannu ya kai. Idan aka dake ta daidai saitin bawul, ko aka zura liba a wurin, an gama da sensa. Abin da ake buƙata kaɗan ne: a fara ɓare tayar daga nesa da bawul, a kuma kula kada bakin tayar ya hau kan sensar wajen cirewa da mayarwa. Wanda nake zuwa wurinsa yanzu a unguwarmu, sau ɗaya aka nuna masa ya riƙe. Har shi ke faɗa wa masu motoci, "Alhaji, taka mai sensa ce, a bi a hankali."

Sai batun awon iska, wanda ya fi komai ba ni tsoro. Da yawa daga masu faci lambar da ke jikin taya suke dubawa, 44 ko 51, su ɗura iska kusa da haka. Wannan lamba iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Awon motarka yana rubuce a wata 'yar takarda da aka liƙa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ka buɗe ƙofa ka duba. Tawa 35 ce gaba da baya. Kuma da safe ake aunawa kafin mota ta yi tafiya, domin taya mai zafi tana nuna fiye da gaskiyarta. Wanda ya auna da zafi ya ga 39 ya rage zuwa 35, gobe da asuba zai tarar da ita ƙasa da ƙa'ida.

Wajen sayen sabbin sensoci na yi kuskuren da nake so wasu su kauce masa. Don neman sauƙi na shiga kasuwar kayan gyara na sayo guda huɗu na hannu, waɗanda ake cirowa daga motocin da aka yanka, mai shagon yana ta rantsuwa cewa na asali ne. Na asalin ne kuwa, amma biyu ba su amsa ba ko kaɗan, ɗaya ta nuna batir ya yi ƙasa, ɗayar kuma ta motar Turai ce. Yaron ya ce, "Kawu, ai tsohon batir ka sayo a cikin tsohuwar roba." Nan na koyi cewa motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka galibi a zangon rediyo na 315 suke magana, na Turai kuma a 433, kuma ɗaya ba ta jin yaren ɗaya. A kayan mota akwai abubuwa da yawa da na hannu ya fi sabon jabu, wannan kowa ya sani, amma ban da abin da ransa batir ne. Mai shagon ya karɓi biyu ya ƙi karɓar biyu, na haƙura.

Daga ƙarshe sababbi muka sa, irin waɗanda suke zuwa babu komai a kansu, sai mai na'ura ya zaɓi sunan mota da shekararta ya ɗora musu. Kowace sensa tana da lambarta, kuma dole ƙwaƙwalwar motar ta san lambobin huɗun nan. A irin tawa, sai an jona na'ura a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari an shigar da su. Akwai wata dabarar kuma, a kwafi lambar tsohuwar sensa a ɗora wa sabuwa, motar ta ɗauka tsohuwar ce ta farfaɗo. Ina jan hankali a nan domin na ga ana ruɗin mutane da maɓallin nan da ke ƙasan sitiyari a motocin Toyota da yawa. Maɓallin yana faɗa wa mota ne cewa iskar da ke ciki yanzu ita ce daidai, ba ya rajistar sabuwar sensa, ba ya kuma tayar da matacciya. Wanda ya danna shi alhali tayoyinsa ba su cika ba ya koya wa motarsa ƙarya. Bayan an gama shigar da lambobin muka zagaya ta titin Zariya muka dawo, fitilar ta mutu. Ban taɓa ganin dashbod ɗina babu ita ba sai ranar.

Wasu ƙananan abubuwa da ya nuna mini. Bawul ɗin sensa na alminiyom ne a motoci da yawa, kuma idan aka sa masa ƙwayar ciki ta tagulla ko murfin ƙarfe na ado, sai su ci juna su manne, ranar da aka zo kwancewa ya karye. Murfin roba ya fi. Notin da ke riƙe shi ba a ɗaure shi da ƙarfin tuwo, ɗan kaɗan yake so, kuma 'yar robar da ke gindinsa a canja ta duk lokacin da aka canja taya. Ruwan nan da ake ɗurawa cikin taya wai yana toshe huji da kansa yana iya toshe ƙofar sensar. Sannan ba kowace mota ce ke da sensa a cikin taya ba. Wasu, irin Honda Accord daga ƙirar 2013, da na'urar birkin ABS suke lissafi, domin tayar da ta rage iska ta fi sauran saurin juyawa. Mai irin wannan mota kada a sayar masa da sensa, saiti kawai yake buƙata bayan ya daidaita iska.

Na san abin da mai karatu zai ce: ana fama da kuɗin fetur tun da aka cire tallafi a 2023, wa ke ta wata sensa? Ban raina wannan magana ba, ni ma da fansho nake rayuwa. Abin da na kashe a sensoci huɗu da kuɗin aiki ya ɗan haura kuɗin sabuwar taya ɗaya, kuma taya ɗaya cur na yi asara a hanyar Zariya saboda ƙusar da facin 'yan ɗaruruwa zai gyara da an gani da wuri. Shawarata, a haɗa aikin da lokacin canjin taya, tunda dama za a buɗe su, kuma a canja huɗun gaba ɗaya, domin batiran sa'o'in juna ne, idan ɗaya ta tafi sauran suna hanya. Wanda bai da hali, akwai masu araha da ake ɗaurawa a bakin bawul daga waje kamar murfi, da ɗan allo mai cajin rana da ake ajiyewa a kan dashbod. Suna aiki har a motar da ba ta zo da na'urar ba, batirinsu kuma ana canjawa, illarsu dai yara na iya kwance su. Wanda wannan ma ya fi ƙarfinsa, ya sayi geji, wato ma'aunin iskar taya, nasa na kansa ya riƙa aunawa duk Juma'a da safe. Ko mai sabbin sensoci bai wuce geji ba, domin a tawa fitilar ba za ta kama ba sai iska ta sauko wajen 26, kuma taya mai 29 ta riga ta fara cin gefe da shan mai. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne salatif. Mai liƙe fitila ya sani ba shi kaɗai zai hau motar ba, kuma ranar da ya sayar da ita, wanda ya saya bai ma san an rufe mata baki ba.

Ina da roƙo ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Sun yi ƙoƙari wajen wayar da kai a kan tayoyin da suka tsufa, har direbobi da yawa yanzu sun iya karanta lambobi huɗun nan na mako da shekarar da aka yi taya. Su ƙara da wannan fitila a cikin bayanin da suke yi a tashoshin mota da gidajen rediyo, da Hausa, musamman ga masu Sienna da Sharon da ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Abuja da Jos. Shugabannin masu faci kuma su nemi masu na'urar duba mota su shirya wa yaransu bita ko ta wuni ɗaya ce, a kawo rim da sensa a nuna musu da hannu. Dillalai su ji tsoron Allah su daina cewa ba komai ba ce.

A watan Disamba da ya biyo baya, da sanyin asuba ina shirin kai jikoki makaranta, fitilar ta kama, ba ƙyaftawa, kai tsaye. Na fara zargin aikin ne bai yi ba, ko kuma hunturu ne, tunda sanyi yana rage awo ɗaya a duk saukar digiri biyar zuwa shida. Na ɗauko geji na bi su ɗaya bayan ɗaya. Uku suna 33, ta baya hannun hagu tana 25, alhali a ido ba ta da bambanci da sauran. Mai facin unguwarmu ya zuba mata ruwan sabulu, sai ga kumfa a gindin wani ɗan sukuru. Ya toshe, na biya, yaran ba su ma makara ba. Da na dawo gida na rubuta watan da shekarar da aka sa sensocin a cikin takardun motar, domin ko ni ko wanda zai riƙe ta bayana ya san lokacin da batiran za su fara gajiya.

Na gode da wannan fili. Allah ya kiyaye mana hanya.

Wassalam,
Naka mai karatu,
Tsohon malamin makaranta, daga Kano